Munduwar Kawu a Reshen Gabas

Tun ranar da aka sare ɗorawar tudu na rasa inda zan ajiye idona. Shekara da shekaru, in na dawo daga masallaci na zauna a dakalin ƙofar gida, ita nake fara gani, can ƙetaren kanal, tana tsaye ita kaɗai a bayan gonakin shinkafa. Ba wai ina son ganinta ba ne. Akwai abin da ido yake komawa kansa kamar yadda hannu yake komawa kan miki. Yanzu wurin ya zama fili fetal, an jibge bulo da yashi, wai injin casar shinkafa za a kafa, sai ka ce waɗanda ke Kura ba su ishe mu da ƙara ba. Yaran gidan nan suna raɗa wa juna cewa tsoho ya fara ruɗewa, ya zauna yana kallon inda babu komai. Su yi ta faɗa. Ni na san abin da na bari a wurin.

Wanda aka haifa bayan zuwan ruwa, ko ka rantse masa ba zai yarda ƙasar nan ta taɓa yin duhun itace ba. Yau kana zaune a nan sai ka hango mai babur tun yana hanyar Bunkure, ba abin da ya tare maka ido sai turakun lantarki da 'yan itatuwan turare da aka jera a bakin kanal. A da kuwa ko ƙauyen da ke kusa da ku ba ka ganinsa sai ka shiga cikinsa. Kowace gona da itatuwanta, kuka da gawo da tsamiya da kanya, ɗorawa kuwa ita ce gaba. Idan ta yi fure, jajayen tuntayen nan masu lilo, tun asuba za ka ji ƙudan zuma suna ƙugi a sama kamar ana niƙa a nesa. Idan ta nuna, gari ya ɗauki rawaya, bakin yara rawaya, tafin mata rawaya, har gemun awaki. A dafa kalwa kwana da yini, warin daddawa ya cika unguwa, a jiƙa makuba a yi daɓe. Da rana tsaka kurciya ce kawai ke magana. Yanzu kuwa sai ƙarar injin ban ruwa da kukan kwaɗi, da yara masu kaɗa gwangwani suna korar jan-baki daga shinkafa, da sauron da bai san rani ba bare damina. Ba na butulci. Ruwan nan ya ciyar da mu, ya sa mana kwano a kan ɗaki, ya kai wasunmu Makka. Amma a ce mini a banza muka same shi, wannan kam ban yarda ba.

Wanda ya koya mini hawan itace kawuna ne, wan mahaifiyata. Can tudu yake zaune, a unguwar Maguzawa, inda Inna ta tashi kafin ta musulunta ta auri mahaifina. Gajere ne mai gwame, in yana tafiya a ƙasa sai ka ce agwagwa, yara har kwaikwayonsa suke yi a bayan idonsa. Amma bari ya kama itace ka ga wani mutum daban. Tafin ƙafarsa kamar ƙirgi, bai taɓa sanin takalmi ba. Shi ake kira ya kaɗe ɗorawa, shi ke yanko ganyen kuka, shi ke sassabo wa Fulani gawo da rani, shi ke rataye amyar zuma inda ko biri sai ya yi shawara. Mahaifina bai so na bi shi ba, ya ce ɗansa ba zai tashi a bishiya kamar jemage ba. Inna ta ce ai jemagen ma Allah ne ya yi shi, kuma ba a taɓa jin ya kwana da yunwa ba. Haka dai aka bar ni, in yi allo da safe, da hantsi in haura tudu.

Shekara guda cur bai bar ni na hau komai ba. Akwai wani gungumen giginya da aka gitta a kan kwari, a nan ya sa ni kai da komo da ƙwarya cike da ruwa, in ya zube in koma rijiya. Na yi kuka, na yi fushi, na ce masa ni fa hawa na zo koyo. Ya ce, "Hawa? Akuya ma tana hawa. Tafiya a kan reshe ita ce sana'a, ɗan nan." Sai da na iya ƙetare gungumen ina ba shi labari ban ma san na ƙetare ba, sannan ya kai ni gindin tsamiya, don ita reshenta yana lanƙwasa amma ba ya cin amana. A hankali na san halin kowace. Kuka santsi gare ta, sai an kafa turaku. Ɗorawa kuwa munafuka ce, ka ga reshe kamar cinyar sa, ganye kore shar, alhali gara ta cinye cikinsa tas. Saboda ita ne Kawu ya koya mini abin da yake kira tambaya. Kafin ka ɗora nauyinka a reshe sai ka buge shi da dunduniya sau biyu, ka tsaya ka saurara, da tafin ƙafa ba da kunne ba. Lafiyayyen reshe yana mayar maka da bugun, ka ji ya hau har ƙwaurinka. Wanda gara ta ci kuwa haɗiye bugun yake yi ya yi shiru. Yakan ce, "Reshen da ka gaishe shi bai amsa ba, kada ka shiga gidansa." Sai kuma ido. Bai yarda in kalli ƙasa ba ko sau ɗaya, ya ce ƙasa uwa ce, in kun haɗa ido sai ta kira ka. Igiya kuwa a wurinsa ta jawo kaya ce kawai.

Ɗorawar tudu ita ce mafi girma a duk yankin. Ranar da na fara takata, ya sa ni a gaba muka bi wani reshe da ya miƙe gabas, ya yi nisa da uwar itacen har ya fita daga inuwar sauran, ba komai a samanka sai sararin Allah. Iska tana kaɗawa, reshen yana ɗagawa yana sauka a ƙarƙashina, amma ina jin numfashin Kawu a ƙeyata. Can kusa da ƙarshe, inda reshen ya rabu biyu, na ga munduwar ƙarfe an saƙala an ɗaure da ƙiri.

Na ce, "Ta wa ce wannan, Kawu?"

Ya ce, "Tawa ce. Ranar da na sauko da ta ubana na rataye ta."

Ya tsuguna a kan reshen kamar yana tsakar gidansa, ya kwance ƙirin, ya ɗan matsar da munduwar, ya sake ɗaurewa. Ya ce kowace shekara sai ya zo ya motsa ta, in ba haka ba itace ya haɗiye ta. Haka gidansu suka gada. Muddin munduwar mai hawa tana sama, shi ma yana sama, ko da yana kwance a ɗakinsa. In ƙarfinsa ya ƙare, wanda ya koya wa sana'a shi zai je ya sauko masa da ita, ya sa masa a hannu, sannan ya rataye tasa a gurbin.

"In kuma ba a sauko da ita ba fa?"

"To ka bar ni a nan ke nan, rana ta dake ni, ruwa ya dake ni." Ya yi dariya. "Za ka bar ni?"

Na ce, "Haba Kawu."

A makon nan ya kai ni gidan maƙera aka ƙera mini tawa, na soke ta a rufin ɗakin Inna ina jiran ranata. Malamai za su ce camfi ne, ni ma ban musa ba. Amma dai na ce haba Kawu, kuma ya ji na faɗa.

Ina saurayi, gemu ya fara tsirowa, aikin ruwa ya iso. Da farko masu awo ne suna kafa jajayen turaku a gonaki, muna yi musu dariya. Sai ga katafila. Manyan itatuwa sai an rage musu rassa kafin ta tunkuɗe su, kada su danne direba, don haka aka yi shela ana neman masu hawa. Muka je ni da Kawu. Heluman aikin, wani dogon mutum mai usur a wuya, ya zube mana kaya a gabanmu, hular kwano da safar hannu da takalma masu nauyi har ƙwauri, da wata ɗamara mai zagaye ƙugu da cinyoyi, da igiya mai ƙugiyar ƙarfe. Ya ce doka ce daga sama, ba kaya ba aiki. Kawu ya ɗaga takalmi ɗaya, ya leƙa cikinsa, ya ajiye.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ta ina reshe zai yi mini magana?"

Aka kwashe da dariya. Heluma ya ce in ba zai sa ba ga hanya nan. Kawu ya juyo ya dube ni. Ni kuwa idona yana kan hular. Ina son keke, ina son 'yan matan unguwa su gan ni cikin kayan gwamnati, a raina kuma ina cewa zamani ya wuce tsoho. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni na hau rimin, na ƙara da kuka da ɗorawa, ban hango ba. Kawu ya tafi shi kaɗai da tafiyarsa ta agwagwa.

Ranar farko ji na yi kamar an sa ni a buhu an ɗinke baki. Hular tana tara zafi, gumi yana zuba a ido, iska in ta taso ban san ta inda ta fito ba. Takalman kuwa, kowace ƙafa kamar an ɗaura mata turmi. Ɗamarar tana cizon cinya, igiyar tana bin bayana tana sarƙewa a kowane ɗan reshe, ni da na saba tafiya ba mai riƙe ni sai ga ni kamar akuya a turke. Amma ɗan Adam da sabo. Kafin wata guda na fara jin daɗin igiyar. Sai in maƙala ƙugiya a reshen sama, in jingina, in saki hannu biyu ina sara ina waƙa, leburori a ƙasa suna yi mini kirari. Ban daina tambayar reshe ba, ƙafa ta riga ta saba, ina bugawa sau biyu da dunduniya kamar kullum. Abin da ban lura da shi ba, a cikin takalmi kowane reshe amsa ɗaya yake bayarwa. Ashe takalmin nake tambaya, shi ne kuma yake amsa mini.

Wata safiya ta bazara aka kai mu wata ɗorawa a hanyar Kadawa, inda babban kanal zai bi. Na hau, na maƙala ƙugiya can sama, na taka wani reshe mai kauri. Na buga, na ji kamar ya amsa. Na yi taku biyar ko shida. Ban ma ji ƙarar ba, ji na yi kawai babu komai a ƙarƙashina. Reshen ya tafi da gatarina, ya daki ƙasa, jar ƙasar gara ta tashi daga cikinsa kamar hayaƙi. Ni kuwa igiya ta fizge ni, numfashina ya ɗauke, na yi lilo na dawo, na sake yi, har na tsaya cak a tsakiyar iska, fuskata tana kallon ƙasa. Uwar itacen ta yi mini nisa, reshen sama ya yi mini nisa, igiyar tana bayana inda hannu ba ya kaiwa. In faɗi gaskiya, ba don igiyar nan ba da tuni an manta inda kabarina yake. Wannan ban taɓa musunsa ba.

Amma ba wanda ya san yadda za a sauko da ni. An ba mu kayan hana faɗuwa, ba a koya wa kowa ɗauko wanda ya rataye ba. Wani ya kawo tsani, tsanin bai kai rabi ba. Wani ya ce a tara buhunan ƙaiƙayi a yanke igiya, to wa zai hau ya yanke? Heluma yana ta busa usur kamar usur zai tsiro mini da fiffike. Ni kuma ina rataye kamar amya, ɗamara tana yanka cinyata, ƙafafuna suna mutuwa a hankali tun daga yatsu, kuma ba inda zan kai idona sai ƙasa. Abin da Kawu ya hana ni kallo ko na ƙiftawar ido, shi na kalla tun hantsi har inuwa ta dawo gindin itace. Na ga tsakar kawunan mutane, na ga gatarina ya koma kamar allura, na ga daidai inda zan faɗa, wani busasshen wuri mai tsakuwa, na haddace shi kamar karatun allo. In iska ta juya ni sai in hango filin da muka share, ja wur har iyakar gani, kututture ko'ina. Na yi salati. Na kira Inna. Na yi fitsari a wando, yau dai na faɗa tunda waɗanda suka gani duk sun riga mu gidan gaskiya.

Wani ne ya hau keke ya ɗauko Kawu. Ban ga zuwansa ba, ji na yi dai hayaniya ta mutu. Can sai bugun dunduniya sau biyu a samana, ya biyo igiya ya sauko har cikin bayana. Kawu ya zuro ƙiri mai zarge, ya ce in sa hannu, ya jawo ni a hankali har jikin uwar itacen, ya zaunar da ni. Ya tsufa a lokacin, ƙirjinsa yana hurawa kamar zugazugi. Na jira faɗa. Sai ya tsuguna ya kwance mini takalman da hannunsa, ya sake su ɗaya bayan ɗaya, muka ji faɗuwarsu. Ya yi ta murza tafin ƙafata har jini ya dawo.

Ya ce, "Ka kalle ta?"

Na ce, "Na kalle ta, Kawu."

Can ya ce, "To, mu sauka."

Jikina ya warke cikin mako biyu. Na koma aikin har aka gama share yankinmu, amma ban ƙara taka reshe ba sai da igiya biyu, ina rarrafe kamar hawainiya. Da aikin ya matsa gaba suka karɓe kayansu. Aka raba filaye, ruwa ya zo, na zama manomin tumatir da shinkafa kamar kowa. Ɗorawar tudu ta tsira don ruwa ba ya hawa tudu, masu awo kewaye ta suka yi. Na ce wa kaina ai itatuwan ma babu, me za a hau?

Damina ta uku bayan zuwan ruwa zazzaɓi ya kwantar da Kawu, idonsa ma ya dushe. Shekara biyu ke nan bai motsa munduwarsa ba. Ya aiko aka kira ni. Na same shi a kan tabarma ya koma kamar kara, Inna tana gefensa tana yi masa fifita.

Ya ce, "Ɗan nan, na gaji da sama. Je ka sauko da ni."

Na ce, "To, Kawu." Me zan ce?

Washegari da sassafe na je. Na tuɓe takalmi, na kama uwar itacen, na hau ba wata wahala, hannu da ƙafa ba su manta ba. Na isa reshen gabas. Na buga sau biyu, ya amsa mini, amsa mai kyau har ƙwauri. Ina hango munduwar, ba ta fi taku ashirin ba. Na ɗaga ƙafa. Sai idona ya faɗi ƙasa da kansa, ban aike shi ba, na kuma ga wurin nan mai tsakuwa, wanda a lokacin yana can hanyar Kadawa a ƙarƙashin ruwa, ya biyo ni har nan. Bayana ya shiga neman igiya. Na zauna na rungume reshen da hannu da ƙafa kamar goyo, na kasa gaba na kasa baya har rana ta take tsaka. Kwana uku ina zuwa. Na gwada jan gindi, reshen yana sirancewa yana lilo, na dawo. Na kawo igiyar guga, ba reshe a sama da zan ɗaura ta. Na taka har inda aikin ya koma in roƙi aron ɗamara, mai sito ya ce kayan gwamnati ba na aro ba ne. Wani mai hawan kuwa babu, sauran duk sun bi itatuwa kudu. Kullum da yamma Inna sai ta tambaye ni, "Ka kawo?" in ce mata iska ta yi yawa.

A rana ta huɗu aka ce jikin ya tsananta. Tun yammacin rana ta biyu na riga na zaro tawa munduwar daga rufin ɗaki, na shafe ta da gishiri na tura ta cikin lakar kanal don ta yi tsatsa. Wato zuciyata ta san ba zan iya ba tun kafin in gaya wa kaina. Gidan maƙera ɗaya ne, ƙira ɗaya, tsoho kuma ba ya gani. Na tono ta, na goge da ganye, na ɗaura mata tsohon ƙiri, na je na durƙusa na sa masa a tafin hannu.

Na ce, "Ga ta, Kawu."

Ya shafa ta da yatsu, ya juya ta. Sai ya kai ta hanci, ya daɗe yana shaƙa. Can na ga gefen bakinsa ya motsa.

Ya ce, "Ikon Allah. Ashe ruwan gwamnatin nan har saman ɗorawa ya kai laka."

Inna ta ce zafin zazzaɓi ne ya sa shi sambatu. Ni na gane. Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗora hannunsa a kaina ya danna, kamar yadda yakan yi in na tsorata a kan reshe.

Ya ce, "Sa mini." Na zura masa a hannu. Ya ce, "Na karɓa. Je ka huta."

Bai kai la'asar ɗin washegari ba. Da ita aka binne shi.

To ka ga yadda abin ya juye. Tawa tana ƙarƙashin ƙasa a hannun Kawu, tasa tana sama, ni kuma ina tsakani, ban hau ba ban sauka ba. Da ya zage ni, da ya jefe ni da ita, da na samu ƙofar fita. Amma ya yafe mini tun ban roƙa ba, kunyar ta zauna mini daram. Na yi aure, na haifa, na aurar, na yi asarar tumatir a shekarun da kwando ya fi abin da ke cikinsa daraja, na ci riba a wasu. Unguwar Maguzawa ta watse, wasu sun musulunta, wasu sun shiga coci, wasu sun yi kudu, maƙabartarsu ma albasa ake nomawa a kai tun da injin ban ruwa ya koya wa ruwa hawa tudu. Kowace bazara in ɗorawa ta yi fure sai in ce bana zan je. Sau biyu an yi mini tayin gona mai kyau wajen Madobi na ƙi, matata ta ce wai me ya ɗaure ni a nan. Har ta rasu ban gaya mata ba. In hadari ya taso ina ɗaki ina jin ruwa a kan kwano, abin da ke zo mini a rai shi ne Kawu yana can sama ruwa yana dukansa. Tun tsoro ne ke hana ni, har tsufa ya zo ya karɓe shi.

Ranar da na ji kukan zarto mai inji daga tudu, na tare mai adaidaita na ce ya kai ni. Samari uku ne. Mai hawan cikinsu siriri ne, da hula ruwan goro, da ɗamara mai ƙarafa rututu, da igiyoyi kala-kala, har da abin toshe kunne. Na tsaya ina shirin raina shi, sai na ga yaron ya iya. Da ya sauko shan ruwa na nuna masa reshen gabas, na ce akwai ƙarfe inda ya rabu biyu, kada ya sare sai ya ɗauko mini.

Ya ce, "Ƙarfe kuma, Baba? Ai gara da ka faɗa, da ya karya mini sarƙar inji."

Na ce, "In za ka taka shi, samari, ka tambaye shi tukuna." Na nuna masa da dunduniya.

Ya dubi takalmansa ya yi murmushi. "Mu da ƙotar gatari muke ƙwanƙwasawa, Baba, mu dafa da hannu mu ji. Oganmu ya koya mana. Sefti ne farko, wato kare rai."

Ashe da ƙota ma ana tambaya. Ga gatari a hannuna a waccan ranar da na faɗo, ban taɓa kawo haka a raina ba.

Ya ɗaura igiyarsa can ƙololuwar uwar itacen, inda mu ba mu taɓa tunanin ɗaurawa ba, ya bi reshen yana sakinta kaɗan-kaɗan. Na ƙirga masa takun a zuciyata. Ya isa, ya daɗe a tsugune, sannan ya ɗago murya.

"Baba, ba ƙarfe a nan! Wani ƙulli ne kawai kamar gwiwa." Sai kuma ya ce, "Tsaya, ga bakinsa nan ya ɗan leƙo."

Na ce ya yanko mini ƙullin gaba ɗaya. Ya yanka gaba, ya ɗaure, ya yanka baya, ya zuro guntun a hankali yana juyawa a iska. Na miƙa hannu biyu. Samarin suka ce in matsa, yana da nauyi. Na ƙi. Ni aka ce in sauko da shi, in ban hau ba ai na tara hannu. Nauyinsa ya durƙusar da ni, amma bai taɓa ƙasa ba sai da ya bi ta ƙirjina. Guntun itace ne kamar turmin daka yaji, ɓawo ya rufe komai, sai wani ɗan baƙin ƙarfe girman farce yana leƙe. Na ce, "Sannu da sauka, Kawu." Samarin suka dubi juna.

Yaron ya ce zai tsaga mini in ciro ta. Na ce ya bari. Hannun da za a sa wa babu, kabarin ma na bi cikin albasa yini guda ban gane shi ba. Yana nan a ɗakina, a gaban gado, a kansa nake fara sauke ƙafa kafin in nemi buta. Jiya ban san lokacin da dunduniyata ta buge shi sau biyu ba. Na tsaya ina saurare da tafin ƙafa kamar yadda aka koya mini. Itacen lafiyayye ne, ba inda gara ta taɓa. Ya amsa mini har ƙwauri, kamar yadda ya amsa ranar da na hau ɗauko munduwar na kasa. Da ma can reshen zai ɗauke ni.